An kashe ƙarar da baƙin mai, ta dawo da "ƙwal": in kama hanyar Damagaram ko in dakata?

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba. Ina da Corolla ƙirar 2005, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Tun da hunturu ya shigo motar ta ishe ni da ƙara. Akwai wata kacar-kacar da ke fitowa daga tablo, gefen mai zaman banza, in na hau hanya mai gargada. Akwai kuma wani ƙii-ƙii a gaba ta hannun dama in na karya kwana ko na hau tudun rage gudu. Na kai ta wanki, yaron ya ce ƙura ce, ya fesa baƙin mai haɗe da gazuwal a ƙarƙashi, ƙii-ƙii ɗin ya ɗauke kusan sati biyu. Yanzu ya dawo, kuma ya zo da wani "ƙwal" da nake ji kamar a cikin tablo duk lokacin da taya ta faɗa rami. Wani makanike ya ce in je a sake fesawa, wai duk motar da ta kwana biyu haka take. Sati mai zuwa zan kai Inna da iyalina biki Damagaram. Wallahi hankalina bai kwanta ba. In sake fesawa in tafi, ko akwai abin tsoro?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, akwai abin tsoro, kuma kada ka bari kowa ya lallashe ka. Kada ka sa Inna a motar nan sai an ɗaga gabanta an girgiza ƙafar kana tsaye kana kallo. Kada kuma a sake fesa mata komai kafin nan.

Ƙara biyu ka kawo mini, ba kuma dangin juna ba ne. Ta tablo ɓata rai kawai take yi. Ta ƙafa ita ce ke sa a yi zaman makoki. Bari in sallami mai sauƙin tukuna.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, kwashe duk abin da ke cikin motar. Aljihun tablo, aljihun ƙofofi, ƙarƙashin kujeru, har but. Tsabar kuɗin da ake ajiyewa don sadaka, kwalbar turare, cajar waya, carbin da ke rataye a madubi, tarin makullan gida da ke lilo jikin makullin mota suna dukan roba. A baya kuwa akwai jak, sifanar taya, da safayar da ba a ɗaure ta da notinta ba. Da yawa daga motocin da ake kawo mini da kukan "tablo ya saki", a nan maganarsu ke ƙarewa. Duba ƙarfen bel ɗin kujerar da ba kowa a kanta, don yana dukan ginshiƙin ƙofa daidai saitin kunne. Duba matashin kan kujera, da marfin kare rana, da lambar mota ta baya wadda ke kaɗawa jikin ƙarfe.

In ƙarar na nan, sai ka gano abin da take bi. Tsaya wuri ɗaya, giya a firi, ka taka totur a hankali. In ta tashi a wani mataki ta ɓace da ka wuce shi, inji take bi, kuma yawanci siririn farantin nan ne mai kare zafin salansa ya saki, ko robar da ke rataye salansa ta tsinke, ko kujerar inji ta mutu. In gurnani ne mai ƙaruwa da gudu ko a kan kwalta mai santsi, boris ne ko taya. In kuwa sai hanya ta yi gargada take magana, to ko robobin cikin mota ne ko ƙafa.

Ba direba ke neman ƙara ba. Ka ba wani ya tuƙa a hanya guda da ka sani, burji ko fabe, a gudu ɗaya, rediyo da kilim a kashe, gilasai a rufe. Kai ka zauna gefe kana danna tafin hannu wuri-wuri: marfin aljihun tablo, bakin hancin kilim, gindin gilashin gaba, jikin ƙofa, gilashin ƙofar kansa. Inda ka danna ta yi shiru, ka saki ta dawo, nan ne. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ta ɗauke ba za ka san abin da ya ɗauke ta ba.

Ba mamaki da hunturu ta fara. Robar da ta sha ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa, tablon motar da aka bari a rana kuwa ya wuce 70, ta riga ta bushe. Siririn soson da kamfani ya sa tsakanin roba da roba ya zama gari. Sanyin safiyar Disamba da Janairu ya ƙara tsuke komai, ƙura ta shiga inda ya buɗe. Shi ya sa za ka ji ta fi yawa da safe, ta ragu in rana ta take. In kuma an taɓa sa maka sifika ko baƙar ledar gilashi, to ka ɗauka an karya rabin kilif-kilif ɗin jikin ƙofa an mayar da shi haka nan. Gyaran ba ya cin kuɗi: sabbin kilif, tef na yadi irin wanda masu wayarin ke naɗe waya da shi, siririn soso, ko yankin tsohon tub a sa tsakanin abin da ke gugar juna. Robar bakin ƙofa da ta gilashi a wanke da ruwa da sabulu, ta bushe, a shafa silikon. Ban da man inji, ban da man birki, wannan na biyun har fenti yake ci.

Gargaɗi guda kan gefen da ka ambata. A nan jakar iska ta mai zaman banza take. Kada a cusa kwali a bakin marfinta, kada a zuba masa gam, kada wani ya ɗaura masa sukuru don ya daina motsi. Ranar haɗari marfin nan fashewa yake da ƙarfi, duk abin da aka ƙara masa fuskar wanda ke zaune zai nufa. Wayoyin da ke da kai ruwan ɗorawa nata ne, ba a taɓa su sai an cire batir an jira aƙalla daƙiƙa 90, kamar yadda Toyota ta rubuta a littafinta na gyara.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ajiye aiki na zauna amsa maka. Ka ce "ƙwal" ɗin kamar a cikin tablo kake jin sa. Ban yarda na tablo ne ba. Kan amortisa, wato abin da ke shanye girgizar hanya a kowace taya, a ɗaure yake da jikin mota daidai bayan tablo, kuma ƙarfe na ɗaukar sauti ya kai shi nesa da inda aka haife shi. Abin da ya buga a gindin taya ta amortisa yake hawowa, ta sandar sitiyari yake shigowa, ya fito maka a gaban gwiwa. Mutane nawa ne suka sa aka kwance musu tablo gaba ɗaya alhali ciwon na ƙasa.

Abin da ke ƙona mini rai, wanda ba ranar da za ta fito ta faɗi ban gamu da shi a gareji ba, shi ne wannan imani da ya zauna a zukatan masu mota: wai in ƙara ta yi shiru mota ta warke. Da shi ake cin kuɗin mutane a wurin wanki, da shi wasu masu kiran kansu makanikai ke sallamar mutum cikin minti biyar, shi kuma ya tafi yana sa musu albarka. Ƙarar ba ita ce ciwon ba. Ita ce kaɗai hanyar da ƙarfe ke da ita ta gaya maka ya fara cinyewa. Wanda ya kashe ta bai taɓa ciwon ba, sanarwar ya ɗauke maka.

Ka bi labarin motarka daki-daki. Ƙii-ƙii a gaba, gefe ɗaya, in an karya kwana ko an hau tudu. Wannan kukan haɗi ne da ya bushe, kuma wanda na fi zargi shi ne rotil ɗin ƙasa, ƙwallon ƙarfen da ke haɗa hannun ƙafa da gindin taya, wanda mutanen Katsina ke ce wa boljoyin, sai kuma rotil ɗin kan sandar sitiyari. Ƙwallon nan a rufe yake zuwa daga kamfani da giris ɗinsa, ƴar robar da ke kansa ce kawai ke tsare shi. Rana ta busar da ita, ƙaya ko tsakuwa ta tsaga ta, ruwan damina ya shiga, yashin garin nan ya bi baya. Giris da yashi in suka haɗu dutsen niƙa suke zama, kowace kwana ka karya suna niƙa ƙwallon da mazauninsa. Ƙii-ƙii shi ne mataki na farko, lokacin da ya bushe amma bai yi wasa ba tukuna. "Ƙwal" shi ne na biyu: ya cinye har ya sami wurin tsalle a cikin gidansa. Na uku ba shi da ƙara mai gargaɗi. Fita yake yi.

Me yaron wanki ya yi maka? Gazuwal ya bi ta tsagar robar ya wanke ɗan giris ɗin da ya rage. Baƙin mai ya jiƙa wurin, ya yi shiru. Baƙin mai kuwa siriri ne, ba ya zama inda nauyi ke matsawa, kuma shi kansa cike yake da garin ƙarfen inji. Cikin kwanaki ya tsiyaye, ya bar danshin da kowace ƙura ta hunturu ke mannewa a kai. Sati biyun da ka yi cikin jin daɗi, su ne sati biyun da ƙwallon ya fi cinyewa. Ka shiga wurin wanki da ƙara ɗaya, ka wayi gari da biyu, ta biyun kuma ta fi ta farkon muni. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka ko magani aka yi maka.

Ba a rotil ɓarnar ke tsayawa ba. Mai fesawa ba ya zaɓe, duk ƙarƙashin yake bi. Silanbulok (robobin da ke gindin hannun ƙafa) da robobin sandar balans da kujerun inji roba ce da ba ta shiri da man fetur da danginsa: tana kumbura, ta yi laushi, ta rabu da ƙarfen da aka manna ta a kai. Wato abin da aka fesa don kashe kukan roba shi ke kashe robar. In feshin ya taɓa faifan birki, falaket, wato abin da ke matse faifan, ya sha mai, gefe ɗaya ya kama ɗayan ya sulale, ranar da ka taka birki da ƙarfi motar ta ja ka gefe. Wanda ya sauka kan salansa hayaƙi yake yi, in ya taru da ciyawa ana iya samun gobara. Sannan ya rufe mana ido mu masu dubawa. In aka kawo mini mota ƙarƙashinta a bushe, da kallo ɗaya nake ganin amortisar da ke yoyo, ko bututun birkin da ke gumi, ko robar kardan (sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya) da ta fashe tana watsa giris. In aka kawo ta baƙi ƙirin tana naso ko'ina, sai na sa an wanke kafin in ga komai. Yaran da ke wannan feshi ma abin tausayi ne, hannu tsirara, suna shaƙa, alhali baƙin mai na cikin abubuwan da aka tabbatar suna cutar da fata in an daɗe ana cuɗanya da su.

Akwai wanda ya fi feshi muni, shi ne abin da ake kira matse rotil. Za a ciro shi, a ɗora a kan ƙarfe, a bi bakinsa da guduma har ya kama ƙwallon ya daina wasa. Wani ma yanka gindin yake yi, ya cusa leda ko guntun fata, ya kai wa mai walda ya rufe. Ka karɓi mota shiru, ka biya kuɗi kaɗan, ka ce ka sami mai tausayi. Ƙwallon da ya cinye bai dawo ba. Bakin da aka daka ya raunana. Zafin walda ya narkar da mazaunin roba na ciki, ya kuma taɓa taurin ƙarfen. Ina da irinsu a ajiye cikin wani kwano a gareji don nuna wa masu gardama. In ka ɗauki ɗaya ka karkata shi, wuyansa da kansa yake faɗuwa gefe. Ka ɗage robar, maimakon giris sai jan gari ya zubo maka a tafin hannu, ƙwallon ya yi zane-zane, gefe ɗaya ya lafe. Sabo kuwa sai ka sa ƙarfin hannu biyu kafin ka motsa wuyansa.

Duk mai bin hanyar Ɗan Isa ko ta Tibiri zuwa Gidan Rumji ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa da gaba ɗaya, tayar ta kwanta a ƙarƙashinta ko ta leƙo waje a karkace, kardan ya zare, ga dogon zane a kwalta inda ƙarfe ya ja. Jama'a su taru su ce taya ta fita, tsautsayi ne. Je ka tambayi direban cikin natsuwa, zai gaya maka ta yi wata da watanni tana ƙara, an fesa, an matse. Gaskiya ne sau da yawa a ƙaramin gudu yake fita, wurin kwana ko tudu, don a nan ake fi ja masa wuya. Amma ba wanda ya yi maka alkawarin haka. Daga nan zuwa Damagaram ya haura kilomita 230, ta Gazawa da Tasawa, ga manyan motoci, ga ramin da ba ka gani sai ka iso shi, ga mota cike da mutane da kayan biki. A gudun kilomita 90 cikin awa, mita 25 kake ci kowace daƙiƙa. In ƙasan tayar dama ya saki a wannan gudun, sitiyarin da ke hannunka ba shi da iko da tayar wannan gefen. Kamfanin da ya ƙera motarka ma bai ɗauki abin da wasa ba: a 2005 Toyota ta kira dubban ɗaruruwan manyan motocinta a Amurka, irin su Tundra da Tacoma, don ta canza musu rotil ɗin ƙasa saboda an ga yana iya cinyewa kafin lokaci. Su can sauyawa suka yi kyauta tun bai yi kuka ba. Mu nan yana kuka muna zuba masa baƙin mai.

Ga yadda za a duba, kuma ka tsaya a yi a gabanka. A wanke ƙarƙashin da ruwa da sabulu tukuna. A ɗaga motar ta jikinta, tayar na lilo, a tokare da ƙarfen tokara. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ba a kuma tokare ta da bulon siminti, don farfashewa yake ba sallama. A Corolla nauyin mota ta amortisa yake bi, rotil ɗin ƙasa riƙo kawai yake yi, saboda haka da taya na lilo ake gwada shi, kuma ko ɗan wasa kaɗan aka samu ya mutu. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, ka sa wani ya taka birki ka sake: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan rotil ne. Kama ta hagu da dama ka girgiza, wannan na sandar sitiyari ne, na waje ko na ciki. A sa doguwar sandar ƙarfe tsakanin hannun ƙafa da gindin taya a ɗaga, kai kana kallon haɗin da tocila. Robar da ta tsage, ko da ba wasa, ta riga ta yanke hukunci. Sannan a sauke motar, ka ɗora hannu a kan haɗin ta bayan taya, wani ya juya sitiyari a hankali ko ya danna gaban motar yana saki. Haɗin da ya bushe za ka ji yana gurzawa a yatsunka kafin kunnenka ya ji.

Zai iya yiwuwa a gama duk wannan a tarar biyalet ne, ƴar sandar nan da ke haɗa amortisa da sandar balans. Ita ce ta fi kowa yin "ƙwal-ƙwal" a ƙananan ramuka, ba ta da tsada, ba ta kuma fitar da taya. Ƙii-ƙii ɗin ma zai iya zama robar sandar balans, ko boris ɗin kan amortisa. In haka ne, alhamdu lillahi, a canza ka tafi. In ana son a gane wace roba ce ke kuka, ruwa zalla ake fesa mata, ɗaya bayan ɗaya, a danna mota. Wadda ta yi shiru ita ce, ruwan ya bushe bai ɓata komai ba. Sai dai daga kujerar direba, biyalet mai arha da rotil mai kisa murya ɗaya gare su. Wanda ya ce maka ya bambance su da kunne yana tsaye hannu a aljihu, bai ɗaga mota ba, cika baki yake yi. Maganar "duk motar da ta kwana biyu haka take" kuwa maganar wanda ba ya son ya durƙusa ce. Akwai Starlet da Carina a garin nan da suka girmi motarka da shekara goma, ƙafarsu shiru, don masu su na canza abin da ya mutu.

Wannan cutar ta kashe ƙara ba a ƙafa kaɗai take ba. Falaket ɗin birki na da ɗan harshen ƙarfe da aka sa da gangan, ya taɓa faifai ya yi tsuwa in naman ya rage kamar milimita 2 zuwa 3, daga 10 ko fiye da yake da shi yana sabo. Na sha ganin an lanƙwasa harshen ko an karya shi, mai mota ya tafi yana murna an gyara, sai ranar da ƙarfe ya hau ƙarfe. Fanbel in ya yi kuka da safe, a goga masa sabulu ko a ɗiga masa man birki. A injin fetur na irin motarka bel ɗaya ne ke juya cajin batir da famfon ruwa, in ya tsinke tsakanin Tasawa da Takeita inji zai yi zafi cikin mintuna. Ƙas-ƙas-ƙas in an karya sitiyari har ƙarshe ana tafiya, kardan ne, shi ma cusa masa giris ta tsagaggiyar roba a ɗaure da igiyar tub ba ya mayar da abin da ya ci.

Kada kuma ka ce ai takardar bizit ɗinka, ta binciken lafiyar mota, ba ta ƙare ba. Takarda ta shaida halin mota ne a ranar da aka gan ta, in ma an leƙa ƙarƙashin nata. Jami'in da zai tsayar da kai a hanya hatimi da kwanan wata zai duba ya miƙo maka. Hatimi bai taɓa riƙe taya ba.

Wurin saye, ka buɗe ido. A motarka rotil ɗin ƙasa daban yake, noti biyu da bol ɗaya ke riƙe shi da hannun ƙafa, ba sai ka sayi hannun gaba ɗaya ba in silanbulok ɗinsa na da rai. Ina sayen okaziyo, wato kayan da aka riga aka yi amfani da su, a abubuwa da yawa, ƙofa, fitila, har giya. Ban da rotil, ban da falaket. Tsohon rotil ba ka san ramukan da ya sha ba, ga shi wasu ma matsattsu ne aka wanke aka shafa musu giris. Sababbin da ke shigowa ta Jibiya daga Ƙofar Ruwa a Kano akwai nagari akwai na banza, kwalinsu kuma iri ɗaya ne. Je wurin mai kayan da ka san zai karɓi abinsa in ya ba ka matsala, ka ce ya ba ka mai kyau, ka gwada taurin wuyan da kaurin robar da hannunka. In aka ce maka ga wani rabin kuɗi, ka tuna wa za ka ɗauka. In ɗaya ya mutu, a duba ɗan'uwansa na hagu da kyau, shekarunsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. A ɗaure notin sama a sa masa sabon fin ɗinsa, ba ƙusa ko guntun waya ba. In an taɓa silanbulok, sai mota ta sauka a kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure bol ɗinsa, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta mutu da wuri. In an taɓa sandar sitiyari, dole a yi saitin ƙafa.

Ku kuma ƴan'uwana masu sana'a, ku ji tsoron Allah. Mutum ya kawo muku mota ne don bai sani ba, ku kun sani. Wanda ya daka rotil da guduma ya san abin da ya yi, wanda ya karya harshen falaket ya san abin da ya yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. In mai mota ya ce ba shi da kuɗi, ku gaya masa gaskiya ya ajiye ta ya hau adaidaita har ya samu. Ya yi fushi ya tafi wani gareji, ya fi a ce hannunka ne na ƙarshe a kan tayar da ta kashe mutane. Masu koya wa yara aiki, abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin bayanku. Masu mota ku ma ku daina matsa wa makanike da "yi mini dabara kawai". Tsautsayi gaskiya ne, amma wanda aka yi wata biyu ana gaya masa a kunne, ya biya kuɗi aka rufe bakin mai gaya masa, ya nemi wani sunan ya ba abin da ya same shi.

Ɗana, kana da sati guda, aikin kuma na rabin yini ne. Kai ta gobe, kada ka bari sai jajibirin tafiya, don in an canza wani abu ka sami kwana biyu kana yawo da ita cikin gari kana saurare. Kafin nan ka tuƙa a hankali, kada ka ɗauki kowa. A ɗaure notin taya da ma'auni in akwai, 103 Nm ne awon Corolla, ba yaro ya hau kan sifana yana tsalle ba. Ranar tafiya, bayan kamar kilomita 50, ka tsaya ka sake bin notocin gaba da sifana, ka kara bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya ka ji ko wata ta fi sauran zafi. In kuwa an ɗaga an ga wasa, kayan kirki kuma bai samu ba kafin ranar, ka kai Inna tasha ku hau bas, motar ta jira ku a gida. Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi biki lafiya. A gaida Inna.